Karatun Injiniyan Makanikal: In Wuce Mastas Kai Tsaye Ko In Fara Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na gama sakandare bana, ina shirin rubuta JAMB, kuma makanikal nake so in cike. Yayana ya ce a zamanin nan digirin farko ba ya kai mutum ko'ina, don haka in sa a raina ina gama bautar ƙasa sai mastas. Me ake koya a wannan fanni, kuma shawarar yayana daidai ce? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka jagora.

Batun shiga ba shi da tsawo. Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, kuma waɗannan huɗun za ka rubuta a JAMB. Karatun shekara biyar ne. ABU Zariya, BUK, ATBU Bauci, FUT Minna da Jami'ar Maiduguri duk suna da sashen. Duk wadda za ka cike, ka tabbata NUC, hukumar kula da jami'o'i, da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, sun tantance sashen, domin COREN, wadda aka kafa a 1970, ita za ta yi maka rajistar zama cikakken injiniya nan gaba.

Abin da ake koya kuwa, je ka tsaya wajen mai injin niƙa na unguwarku. Za ka ji yana kukan cewa shaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a injin, ya sake karyewa, a daidai inda ya karye bara, kusa da boris, wato abin da ke riƙe shaf ɗin yana juyawa a cikinsa. Mai walda ya liƙa, an yi wata biyu, ya sake ballewa. Ɗalibin makanikal na aji huɗu ya kamata ya iya faɗin dalili. Bel yana jan shaf ta gefe ɗaya, shi kuma yana juyawa, saboda haka duk zagaye ɗaya ƙarfen yana ɗan lanƙwasuwa ya dawo, kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke. In yana zagaye 1,400 a minti, a awa ɗaya ya lanƙwasu sau 84,000. Tsagewar takan fara ne daga inda aka yanka ƙarfen da kaifin kusurwa, zafin walda kuma yana ƙara raunana wurin. Maganinsa a sassauta bel, a daidaita fulin biyu, wato ƙafafun da bel ke zagayawa a kansu, su kalli juna, a matso da fuli kusa da boris, a sassaƙa sabon shaf mai kusurwa a zagaye, kuma a lissafa kaurin da zai ɗauki nauyin. Wannan lissafin shi ne karatun. Haka za ka yi wa zafi da makamashi, da gudun ruwa da iska a bututu, da halayen ƙarafa, da zanen inji, da hannu da kuma a kwamfuta da manhajoji irin su AutoCAD da SolidWorks.

Aji biyu da aji uku su ne inda ake zubewa, kuma kusan kullum lissafi ne sanadi. Yara da yawa suna shigowa saboda son mota ko jirgi, sai su tarar da kalkulas, wani reshe na lissafi mai zurfi, yana jiransu a kowane darasi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne SIWES, wato wata shidan da ake tura ɗalibi masana'anta a aji huɗu. Wasu sukan nemi ofishin da za a sa musu hannu a littafi su koma gida su kwanta. Kada ka yi wa kanka wannan asarar. Nemi inda inji ke aiki da gaske: kamfanin siminti na Obajana ko na Sakkwato, tashar lantarki ta Kainji ko Shiroro, masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano. In duk ba su samu ba, maƙeran Panteka a Kaduna za su nuna maka abin da ba ya cikin littafi.

Yanzu ga maganar yayanka. Yana da gaskiya cewa aiki ya yi wuya, amma ban yarda mastas ce maganin ba. Digiri na biyu ƙwarewa ce a lungu ɗaya: makamashi, ko sarrafa kaya a masana'anta, ko ƙarafa, ko haɗa inji da lantarki da kwamfuta. Wanda bai taɓa aiki ba, da me zai zaɓi lungun? Yakan ɗauki duk taken da malami ya miƙa masa, ya rubuta kundi, kundin ya ƙare a ma'ajiya. Wanda ya yi shekara biyu yana fama da tukunyar tururi mai shan mai fiye da kima, shi yana komawa jami'a da tambayarsa a hannu. Ga kuma wani abu: manyan kamfanoni da digirin farko suke ɗaukar sababbin injiniyoyi su horar da su, kuma sau da yawa suna sa iyakar shekaru. COREN ma shekarun aiki take nema kafin rajista.

Wanda nake ba shawarar ya wuce kai tsaye shi ne mai son koyarwa ko bincike, wanda ya fita da sakamako mai ƙarfi, ko wanda ya samu tallafi. A Najeriya mastas takan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, a Ingila shekara ɗaya, a Jamus biyu, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai dai dole ka nuna kuɗin da za ka ci ka sha. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, da DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, suna ɗaukar nauyin ɗalibai, kuma akasarin masu ba da tallafi sakamakon 2:1 suke nema, wato matakin digiri da ke bin na farko. Wannan makin tun daga aji ɗaya ake tara shi, kari-oba biyu ko uku a farko suna iya ja maka shi ƙasa har ƙarshe.

Ka gaya wa yayanka a ajiye maganar mastas sai ka dawo daga SIWES. A bana, bayan shirin JAMB, nemi littafin lissafi mai zurfi ka fara kalkulas da kanka, hutun da ke tsakani kuma ka roƙi wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya bar ka kana zuwa shagonsa kana koyon awo.