Me ya sa ba a cewa luggages?

Tambaya: Salam Malam. Ni haifaffen Makka ne, ina aiki a wani otal kusa da Harami. Rannan na ce wa wani alhaji your luggages sai ya gyara min wai luggage ake cewa, alhali jakunkuna huɗu ne jibge a gabansa. Don Allah suna, wato noun, kala nawa ne a Turanci, kuma ina na kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Toh alhajin nan ya yi gaskiya, amma bari mu bi a hankali.

Littattafai sukan kawo proper noun, wato ismul alam ɗin da ka sani a nahawu, irin su Makkah, Jeddah, Monday, Ramadan, shi dai ka fara shi da babban harafi, nan ne ƴan makarantar Larabci ke yawan faɗuwa tunda Larabci ba shi da babba da ƙarami. Sai common noun, sunan gama-gari kamar hotel ko bag. Akwai abstract, abin da ba a taɓawa kamar patience, da collective na taro kamar family. Waɗannan ka san su kawai, ba za su ba ka kunya a bakin aiki ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne sunan da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa. Mu ma muna da shi ai, ba ka zuwa baƙala, wato shagon kayan abinci, ka ce a ba ka shinkafa uku, sai dai kilo uku ko buhu uku. Haka Bature ya ɗauki luggage, kamar shinkafa, tarin kaya ne gaba ɗaya, ba ya karɓar s, ba a sa masa a ko an, ba a manna masa lamba kai tsaye. In kana son ƙirga sai ka ce four bags ko four pieces of luggage.

Abin da ke rikita mu, kan namu da Hausa da Larabci yake tunani. Muna cewa bayanai, Balarabe ya ce ma'alumat, duk jam'i, sai baki ya zarce ya ce informations. Shawarwari, nasa'ih, sai ka ji advices. Duk babu su, information ne da advice, haka furniture da equipment. News kuma ga s a wutsiya amma tilo ne, the news is good ake cewa, ni kaina wannan ya daɗe yana ba ni haushi.

Money ma ba a ƙirga shi wai, riyal ɗin ne ake ƙirgawa, shi ya sa how much money amma how many riyals. Zamzam ma two bottles of water za ka ce. In ka duba ƙamus a wayarka ka ga harafin U gefen kalma to ba a ƙirga ta, C kuma ana ƙirgawa. Gobe in alhaji ya tsaya gabanka ka ce masa how many bags do you have.