Ƙanena na Sakkwato, kan batun fitowa karatun bala'o'i da muhalli

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya, da Baba da Inna da duk mutanen gida. Saƙonka ya same ni a nan Bonn, ƙasar Jamus. Ka ce ka gama digirin ilimin zamantakewar al'umma a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, bautar ƙasa ta kusa ƙarewa, kuma ranka na son digiri na biyu a waje kan tunkarar bala'o'i da kula da muhalli, amma abokai na ce maka karatun ba shi da ci, gara ka koma kwamfuta. Ka tambaye ni ko ka zo, kuma ina za ka nufa.

Ka zo, amma ba bana ba, sai ka yi shekara biyu kana aiki tukuna. Bari in faɗa maka dalili.

Kana ƙarami lokacin ambaliyar Satumbar 2010, ni kuwa ina ɗalibi. Ruwan da ya sauko ta gulbin Rima daga wajen Goronyo ya cinye gonakin fadama, ya rusa gidaje, ya yanke hanyar da ke kai mutum mazaunin jami'a na dindindin ta Kwalkwalawa. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne wanda ya fara kai ɗauki. Kafin kowace mota mai tambari ta iso, masunta ne suka fito da kwalekwalensu, maƙwabta suka buɗe zaurukansu, liman da mai unguwa suka san gidan da ke da tsohuwa makauniya da gidan da mai jego take. Babu takardar da ke ɗauke da wannan sani. A lokacin ban san cewa wani fanni ne guda da ake karantawa ba.

A Yulin 2021 na sake ganin haka a nan Jamus, a kwarin kogin Ahr, kusa da inda nake zaune. Mutum fiye da 130 suka rasu a wannan kwari kaɗai, a ƙasar da ke da na'urorin hasashen yanayi irin waɗanda muke mafarki. An hango ruwan, amma gargaɗin bai kai kunnen mutane da yawa a kan lokaci ba, wasu kuma da suka ji ba su gane girman abin ba. A garin Sinzig mutum 12 suka mutu a gidan kula da naƙasassu. Washegari manoma suka shigo da taraktocinsu, matasa suka zo da shebur da bokiti suna kwashe laka a gidajen mutanen da ba su taɓa gani ba. Na bi su kwana biyu, kuma wallahi gayya ce irin tamu, sai dai babu kalangu.

To wannan shi ne karatun. Injiniya zai faɗa maka yawan ruwan da madatsa za ta iya riƙewa. Kai aikinka ka gano me ya sa magidanci ya ji sanarwa a rediyo amma ya ƙi tashi: awakinsa ne, ko hatsin rumbu, ko tsoron idan ya bar filin ba zai dawo ya same shi ba? Wa matan da ke cikin kulle ke ji ta bakinsa? Idan kayan agaji sun iso, sunan wa ke shiga takarda, na wa ke faɗuwa? Cibiyar binciken bala'o'i da su Enrico Quarantelli suka kafa a Amurka a 1963, wadda yanzu ke Jami'ar Delaware, ta daɗe da nuna cewa jama'a ba su cika ruɗewa lokacin iftila'i yadda hukumomi ke zato ba, kuma yawanci maƙwabci ne ke fara ceto. Mu mun ga haka da idonmu tun kafin mu karanta.

Ɓangaren muhalli ma haka yake. Ka nemi tarihin madatsar Bakolori da aka gama a 1978. An gina ta don noman rani, amma rikicin diyyar gonaki ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980, kuma mutanen da ke ƙasa da ita a gulbin Sakkwato suka rasa ambaliyar shekara-shekara da ke jiƙa musu fadamar shinkafa. Ruwan da wani ke kira bala'i, wani da shi yake ci. Ka ƙara da gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu saboda ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Ba a shawo kanta da magani kaɗai ba, sai da aka zauna da masu gari da masu haƙar.

Yanzu batun shekaru biyu. Tallafin karatu na Chevening na Ingila da na DAAD na Jamus mai kula da fannonin ci gaba duka suna neman shekara biyu ta aiki. Amma ko babu wannan sharaɗi, shawarata ke nan. Na zauna aji ɗaya da 'yan Bangaladash da Indunisiya da suka zo da labarin ƙauyukan da suka yi wa aiki, kuma su ne waɗanda malamai ke saurare. Ka nemi gurbi, ko na sa-kai ne, a SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, ko ofishin takwararta ta ƙasa, NEMA, da ke Sakkwato, ko Red Cross, ko ƙungiyoyin da ke aiki da mutanen da 'yan bindiga suka kora daga Isa da Sabon Birni. Akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, a jihohin Arewa 19 da Abuja, da aikin dashen itatuwa na Great Green Wall wanda Sakkwato na cikin jihohinsa 11. Cikin wannan lokaci ka koyi ƙididdiga sosai, ka koyi zana taswira da QGIS, kyauta ake sauke shi. Nan ne 'yan fanninmu ke yawan rauni. In da hali ka ɗora Faransanci, don Konni da Maraɗi sun fi Abuja kusa da kai, kuma ayyukan Sahel da shi ake yi.

Wuraren karatu suna nan. A Bonn akwai digirin haɗin gwiwa tsakanin jami'ar garin da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haɗurran muhalli, da Turanci ake koyarwa. A Holan akwai Wageningen da Twente, a Ingila akwai Northumbria da Coventry da Manchester. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba su karɓar kuɗin makaranta sai na rajistar zango, amma kafin biza sai ka nuna kuɗin zama na shekara a asusun da ake kullewa, Yuro 11,904 a 2025. Ka juya shi zuwa naira ka gani. Ingila kuma tun Janairun 2024 ta hana masu digiri na biyu na aji, wanda ba na bincike ba, zuwa da iyali, in maganar aurenka ta taso. Ina roƙonka kada a sayar da gonar Baba saboda wannan tafiya. ABU Zariya da Jami'ar Fasaha ta Minna suna da cibiyoyin nazarin bala'o'i. Kana iya farawa a can, ka nemi digirin digirgir a waje da tallafi.

Abokanka ba su yi ƙarya duka ba. Aikin fannin nan a Turai yana da wuyar samu ga baƙo, musamman wanda bai iya Jamusanci ba, kuma yawancinsa kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu. Inda ake neman mai Hausa da ya san fadama, gida ne da maƙwabta. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta Maiduguri a Satumbar 2024 ka gan ta da kanka a waya.

Ga aikin da zan ba ka kafin damina. Ka je Kwalkwalawa, ka fara gaida mai gari, ka nemi dattawa biyar da tsofaffin mata biyar su ba ka labarin 2010: wa ya fara sanar da su, me suka fara ɗauka, a ina suka kwana daren farko. Ka tafi da ƙanwarka don ta shiga wajen matan. Ka rubuta shafi uku ka turo mini ta WhatsApp, daga nan za mu fara gina takardar neman tallafinka.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ina nan tafe da babbar Sallah in Allah ya yarda.