Tambaya da Amsa: Nazarin laifuka ko kimiyyar siyasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, na gama sakandare bana, ina son karanta kiriminoloji amma Baba ya ce kwas ɗin 'yan sanda ne, gara in yi kimiyyar siyasa. Don Allah wanne zan cike a JAMB? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kiriminoloji ya fi ƙarfin aikin ɗan sanda kawai, ilimi ne na gano me ke sa mutum ya aikata laifi, talauci ne ko shaye-shaye ko rashin tarbiyya, da yadda kotu da gidan gyaran hali suke aiki, kuma ke da kike Zamfara kin san yadda matsalar 'yan bindiga ta ɗaiɗaita ƙauyuka, wallahi muna buƙatar 'ya'yanmu mata da suka karanci abin a ilmance. Shekara huɗu ne, ana yinsa a jami'ar karatu daga gida (NOUN) da Jami'ar Tarayya ta Dutse, kuma sai kina da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan kin gama za ki iya neman aiki a NDLEA ko EFCC ko hukumar gidajen gyaran hali, amma fa ba ya mai da mutum lauya.

Ita ma kimiyyar siyasa tana da kyau, kuma za ki tarar suna haɗuwa sosai don 'yan siyasa ne ke yin dokokin laifi a majalisa. Ni dai tunda ranki na kan na farkon, ki zauna da Baba cikin ladabi ki nuna masa jerin darussan kwas ɗin kafin a rufe rajista.