Me ya sa Rosberg ya ajiye sitiyari yana zakara, kuma me ya hana Mercedes ɗauko Alonso?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara bin tseren motoci na Formula 1 ba, sai na ci karo da labarin Nico Rosberg, wanda aka ce ya ci kambun duniya a 2016, ko mako bai cika ba ya ce ya daina. Tsoron Hamilton ne ya kore shi? Sannan tunda motar Mercedes ta fi ta kowa gudu a lokacin, me ya sa ba su ɗauko gwani irin Alonso ko Vettel ba, suka kawo Bottas wanda bai taɓa cin tsere ko ɗaya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ranar 27 ga Nuwamba 2016 Rosberg ya zo na biyu a Abu Dhabi, ya kammala kakar da maki 385, Lewis Hamilton, abokin tuƙinsa a ƙungiyar Mercedes, yana da 380. Ranar 2 ga Disamba, a Vienna, ana shirin bikin da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ke miƙa kofuna, ya sanar cewa ya gama. Shekarunsa 31, lafiyarsa ƙalau, kuma a watan Yulin shekarar ya sa hannu a sabon kwantiragi da zai kai shi ƙarshen 2018. Rabon da zakara ya tafi da kambu a hannu tun Alain Prost a 1993, shi kuwa Prost ya faɗa tun kafin kakar ta ƙare. Wannan babu wanda ya gan shi tafe, har shugabannin ƙungiyarsa, Toto Wolff da Niki Lauda.

Maganar tsoro ba ƙarya ce tsagwaronta ba, amma ni ba zan kira shi tsoro ba. Mutum ne da ya san abokin karawarsa fiye da kowa. Tun suna yara, a shekarar 2000, suna ƙungiya ɗaya a tseren ƙananan motoci na kart. Da suka sake haɗuwa a Mercedes a 2013, Hamilton ya fi shi maki a shekarar, ya ci kambu a 2014, ya sake ci a 2015. Kada kuma ka ɗauka Rosberg kanwar lasa ne. Shekara uku ya yi tare da Michael Schumacher, mai kambun duniya bakwai, a wannan ƙungiya, daga 2010 zuwa 2012, kuma duk ukun shi ne a gaba. Matsalarsa ɗaya: a mota iri ɗaya, a rana mai kyau, Hamilton ya ɗan fi shi sauri, kuma ya fi shi zafi idan taya ta haɗu da taya a kwana.

Bayan kayen 2015 sai ya juya rayuwarsa gaba ɗaya ta koma kan abu guda. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya nemi mai horar da tunani, ya riƙa zaman natsuwa kullum, ya koma tuƙa kart don hannunsa ya ƙara kaifi. Ya sa aka rage fentin hular kwanonsa don a rage 'yan giram. A hutun tsakiyar kaka ya daina hawan keke, saboda naman ƙafarsa ya ragu ya zubar da kusan kilo ɗaya. Mai jin wannan zai ce wasa ne, amma a Suzuka ta Japan ya samu gurbin farko a layin tashi da tazarar daƙiƙa 0.013 kacal a kan Hamilton, kuma kilo ɗaya a wannan fili ya fi wannan tazara daraja. Ga jaririya a gida, wadda aka haifa a 2015, kusan duk ɗawainiyarta a kan matarsa.

Duk da wannan wahala, dubi yadda lissafin ya fita. Ya ci tsere huɗu na farko a jere. Hamilton ya farfaɗo ya wuce shi kafin hutun Agusta. A Malesiya, Hamilton na kan gaba babu mai taɓa shi, injinsa ya kama da wuta, maki 25 suka bi iska. Mako guda bayan nan Rosberg ya ci Suzuka, tazarar da ya ba Hamilton ta zama maki 33, saura tsere huɗu. Na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, wato bambanci bakwai. Bakwai sau huɗu 28. Ma'ana ko Hamilton ya cinye sauran duka, zuwa na biyu ya ishi Rosberg. Haka kuwa aka yi: Hamilton ya ci Amurka, Meziko, Brazil da Abu Dhabi, Rosberg na biye da shi duk huɗun. Hamilton ya ƙare da nasara goma, zakaran yana da tara. Rosberg ya ce a Suzuka ne ya fara tunanin cewa in ya ci, zai tafi.

Tseren ƙarshe kuwa duk wanda ya kalla ya ga abin da ke cin mutum a wannan sana'a. Tazarar 12 ce. In Hamilton ya ci, Rosberg ya zo na uku, ya tsira da maki biyu; in ya zo na huɗu, ya faɗi da maki ɗaya. Sai Hamilton, yana gaba, ya rage gudu da gangan don Sebastian Vettel da Max Verstappen su cim ma Rosberg. Ana ta kiransa ta rediyo ya ƙara wuta, ya ƙi. Motoci huɗu suka tsallaka layi kusan a manne, cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Kuskure ɗaya a birki, ƙoƙarin shekara 25 ya tafi.

To mutumin da ya ba da duk abin da yake da shi, sa'a ma ta taimaka, sannan ya tsira da maki biyar, ya san abin da 2017 za ta nema a wurinsa. Burinsa kuma ba kambu bakwai ba ne. Mahaifinsa Keke Rosberg ya ci a 1982, shi ma yana son nasa, ya samu. Kafin su, Graham Hill da ɗansa Damon ne kaɗai uba da ɗa da suka yi hakan. Inda zan ga laifinsa shi ne lokacin da ya zaɓa, domin ya bar ɗaruruwan injiniyoyi da makanikai a tsaka mai wuya.

Nan ne tambayarka ta biyu ta shigo. Kasuwar direbobi tana ci ne daga tsakiyar shekara zuwa Oktoba. A Disamba kasuwa ta watse, kowa ya kama gidansa. Ga gwajin sababbin motoci a Barcelona ƙarshen Fabrairu, ga tseren farko a Melbourne ranar 26 ga Maris, ga kuma sabuwar doka da ta faɗaɗa motoci da tayoyi, abin da ke nufin ana bukatar direba a masana'anta da wuri, a auna masa kujera, ya zauna a na'urar kwaikwayon tuƙi. Mercedes ta ci tsere 19 cikin 21 a 2016, don haka masu so ba su yi kaɗan ba. Lauda ya ce kusan rabin direbobin gasar sun nuna sha'awa, ƙungiyar ma ta buga tallar neman direba a mujallar Autosport don raha. Amma so daban, samu daban.

Vettel yana da kwantiragi da Ferrari har ƙarshen 2017, kuma Ferrari ba za ta miƙa wa babbar kishiyarta zakara mai kambu huɗu ba. Verstappen da Daniel Ricciardo suna ɗaure a Red Bull, haka Carlos Sainz da ke Toro Rosso, ƙanwar Red Bull ɗin. Nico Hülkenberg, wanda da ya dace ƙwarai, bai fi 'yan makonni da sa hannu wa Renault ba. Wannan ma ya isa a tausaya masa.

Fernando Alonso shi ne wanda 'yan kallo suka fi so, ni ma da na so in gani. Yana fama a McLaren da injin Honda mara ƙarfi, yana da sauran shekara a kwantiraginsa. A ce ma an biya an fanso shi, akwai tarihi. A 2007 shi da Hamilton sun zauna a McLaren shekara ɗaya tak, suka ƙare da maki 109 kowannensu, suna ta cin dunduniyar juna har Kimi Räikkönen na Ferrari ya zo ya ɗauke kambun da maki 110. A shekarar ce kuma aka ci McLaren tarar dala miliyan 100 kan bayanan sirrin Ferrari, alhali Mercedes ce ke ba ta inji kuma tana da hannun jari a cikinta. Mutanen Stuttgart, hedikwatar kamfanin Mercedes, ba su manta ba.

Ka kuma tuna halin da Wolff ya fito daga ciki. Direbobinsa biyu sun gogi juna a Spa ta Beljiyam a 2014. A Sifaniya a 2016 sun yi karo a zagayen farko, duka biyun suka fita, Verstappen ya ci tserensa na farko yana ɗan shekara 18. A Ostiriya suka sake yi a zagayen ƙarshe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mai kallo yana son faɗa, amma ƙungiya tana da gasa ta biyu, ta masu ƙera motoci, inda ake haɗa makin motocinta biyu, kuma matsayinta a wannan teburin ne ke shafar kason kuɗin da take samu. Abin da take nema a kujera ta biyu shi ne mai saurin da zai kawo maki kowane mako, ya hana Ferrari da Red Bull shiga tsakani, ba tare da ya cinna wa gareji wuta ba.

Saura yaran gida. Pascal Wehrlein ya ci gasar DTM ta Jamus, ta motoci masu rufi, wa Mercedes a 2015, ya san motar domin ya gwada ta, kuma a 2016 ya ciro wa ƙaramar ƙungiyar Manor maki ɗaya a Ostiriya, abin da ba ƙaramin aiki ba ne da irin wannan mota. Ba sai an biya kowa ba. Sai dai kaka ɗaya kawai ya yi, kuma wata guda kafin nan Force India, da aka ba ta zaɓi tsakanin yaran Mercedes biyu, ta tsallake shi ta ɗauki Esteban Ocon wanda rabin kaka kawai ya yi. Wannan ya rage masa kima a idon mutane. Ɗora ɗan shekara 22 kusa da Hamilton mai jin haushi zai iya ƙona yaron ƙurmus.

Valtteri Bottas, ɗan ƙasar Finland, shi ne tsaka-tsakin. Ya yi tsere 77 a Williams, ya hau mumbari (wato ya zo cikin ukun farko) sau tara, tun 2014 yake tuƙa injin Mercedes, ba shi da yawan magana. Wolff yana cikin masu kula da harkokinsa tun yana tasowa, kuma ya taɓa riƙe hannun jari a Williams, don haka hanyar ciniki a buɗe take. Duk da haka sai da aka yi fiye da wata guda. Williams ta riga ta ɗauki Lance Stroll, ɗan shekara 18 da bai taɓa tseren Formula 1 ba, ba za ta iya haɗa shi da wani ɗanye ba, ga kuma kamfanin barasa na Martini da ke ɗaukar nauyinta, wanda aka ruwaito yana son direba da ya kai shekara 25 saboda talla. Maganin da aka samu abin dariya ne: Felipe Massa, wanda ya yi bankwana cikin hawaye da ruwan sama a Brazil a watan Nuwamba, ma'aikatan ƙungiyoyi suna tafa masa, aka roƙe shi ya dawo. Ritayar wani ta warware ta wani. Ranar 16 ga Janairu 2017 aka sanar da komai: Bottas zuwa Mercedes, Massa ya koma Williams, Wehrlein zuwa Sauber.

Kwantiragin shekara ɗaya kawai aka ba Bottas, kuma da dalili. Na Vettel da na Alonso duk za su ƙare a ƙarshen 2017, Mercedes ba ta so ta rufe wa kanta ƙofa. Ba ta ma bukaci ƙofar ba. Bottas ya ci tserensa na farko a Rasha a tsere na huɗu, ya ƙara biyu a shekarar, ya ƙare na uku a tebur. Cikin shekara biyar ya ci tsere goma, ya zo na biyu a duniya a 2019 da 2020, Mercedes kuma ta ci kambun masu ƙera motoci duk shekarun biyar. Hamilton ya ci huɗu a jere ba tare da rigimar cikin gida ba. A Rasha a 2018 an umarci Bottas ya kauce ya ba Hamilton hanya alhali nasarar tasa ce, ya kauce. Da wuya Rosberg ko Alonso su yi hakan cikin sauƙi.

A ganina Mercedes ta yi daidai wa kanta, mu 'yan kallo ne muka yi asara, musamman a 2019 da 2020 lokacin da motar ta sake yi wa kowa fintinkau kuma babu mai matsa wa Hamilton har ƙarshen kaka. Wehrlein bai ƙara samun irin wannan dama ba, ya bar Formula 1 bayan 2017, sai a 2024 ya ci kambun duniya na tseren motocin lantarki, Formula E, da Porsche. Da Hamilton ya tashi barin Mercedes zuwa Ferrari, an sanar tun Fabrairun 2024, kusan shekara guda kafin tafiyar. Wolff ya samu lokacin da bai samu ba a 2016, kuma a wannan karon ɗan gida ya ɗora, Kimi Antonelli, yana da shekara 18.