Ko dole ne gwauruwa ta shiga gidan zuhudu a Turai ta da?

Malama, kin tambaya ko tilas ake yi wa matar da mijinta ya rasu ta zama sista mai zaman zuhudu a coci a zamanin. A'a, hanyoyi sun fi ɗaya. Da yawa sake aure suke yi. A Ingila ma, yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta hana a yi wa gwauruwa auren dole.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta alwashi. Mace za ta durƙusa gaban bishop, wato babban limamin coci, ta yi alƙawarin ba za ta ƙara aure ba, ya sa mata zobe da mayafi, ta koma gidanta. Dukiyarta na hannunta, 'ya'yanta na gabanta, manema kuma sun haƙura.

Dubi Alisabatu, 'yar sarkin Hangari. Mijinta ya rasu a 1227 tana da shekara 20 da 'ya'ya biyu da cikin na uku. Dangi suka matsa ta sake aure, ta ƙi. Ta gina asibiti a garin Marburg na Jamus da dukiyarta, tana wanke majinyata da hannunta har ta rasu a 1231. Labarinta yana taɓa mini zuciya ƙwarai.