Yadda garkuwar jiki ke bambanta RNA ɗinmu da na baƙo

Tambaya: Tun da tantanin jikinmu cike yake da RNA, wato zaren sinadari ɗan'uwan DNA mai ɗauke da saƙon gado, kuma bairos irin na mura shi ma RNA yake ɗauke da shi, ta yaya garkuwar jiki take gane nata daga na baƙo?

Amsa: Garkuwar da aka haife mu da ita siffar RNA take dubawa, da alamar da ke bakinsa, da kuma wurin da ta same shi.

Kafin RNA mai ɗauke da saƙon gina furotin ya fito daga cibiyar tantani, sai an sa masa wata hula ta sinadari. Na bairos da yawa ba shi da ita, fosfet uku ne a bakinsa, kuma su ne wani furotin mai gadi da ake kira RIG-I yake kamawa, shi kuwa wani mai gadin, MDA5, dogon zaren RNA mai harɗe biyu yake nema, irin wanda bairos ke samarwa yayin da yake kwafar kansa. Da zarar ɗayansu ya yi kamu, sai tantani ya saki wani furotin na gargaɗi mai suna intaferon domin ya ankarar da maƙwabta. Bairos ɗin mura ma satar hularmu yake yi ya ɗora wa nasa saƙon.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, mu ma muna da zare mai harɗe biyu. A cikin DNA ɗin ɗan Adam akwai wani guntu mai suna Alu da ya maimaitu fiye da sau miliyan 1, kuma idan biyu suka fuskanci juna a RNA ɗaya, sai su naɗe su yi kama da na bairos. Furotin ADAR1 ne yake bi yana canza wasu haruffa, wato sinadaran da aka jera aka yi zaren RNA da su, domin kada MDA5 ya ɗauke su baƙi. Jaririn da ya gaji ADAR1 mai lahani, jikinsa kan yi ta zubo intaferon ba tare da wata ƙwayar cuta ba har ƙwaƙwalwa ta taɓu, lalurar da ake kira Aicardi-Goutières.

Wannan sani ya taimaki masu haɗa rigakafi. A 2005 Katalin Karikó da Drew Weissman na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun nuna cewa RNA da aka gyara wa wasu haruffa, kamar yadda jikinmu ke gyara nasa, ba ya tayar da masu gadi irin su TLR7 da TLR8 sosai. A kan haka aka gina allurar korona ta Pfizer da ta Moderna, kuma a 2023 aka ba Karikó da Weissman lambar yabo ta Nobel.