Amsa ga Mama kan tashar nan ta SAT-7 (an rubuta daga murya)

Salama gare ku 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Mama ina wuni, na ji muryar da kuka tura tun da rana, sai yanzu na samu zama. Kun ce bidiyon nan da aka sa a gurup, wanda mata ke waƙa da Larabci ga gicciye a bayansu, anya Kirista ne kuwa, kuma ita tashar da sunanta ke gefen hoton wa ke da ita, ko irin masu cewa ka turo kuɗi a yi maka addu'a ce. To Mama Kirista ne, 'yan'uwanmu ne cikin Almasihu, kuma tashar SAT-7 ake ce mata, na jima ina bin ta a waya.

Kun san mu da zarar mun ji Larabci hankalinmu wuri ɗaya yake zuwa, amma fa akwai masu bi a ƙasashen nan tun zamanin manzanni. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, su a wurinsu Markus ne ya kai musu bishara, Antakiya kuma inda aka fara kiran almajirai Kirista tana cikin Turkiyya ta yau. Akwai su a Lebanon, Siriya, Iraki, Jodan, da Larabci suke sujada, Allah suke cewa kamar yadda muke cewa. To tashar tasu ce, wannan shi ne abin da nake so ku riƙe.

Wani Bature ɗan Ingila, Terence Ascott, wanda ya daɗe yana aikin buga littattafai da mujallu na Kirista a yankin, shi ya zauna da shugabannin ikilisiyoyin can aka kafa ta a 1995, aka fara watsa shiri ranar 31 ga Mayu 1996, kuma lokacin awa biyu kacal a sati suke yi, awa biyu fa Mama. Hedikwatar tana Nikosiya a tsibirin Kubrus, suna da situdiyo a Alƙahira da Beirut da Istanbul. Yanzu ga ta Larabci dare da rana, ga ta Farisanci don Iran da Afganistan wadda suke kira PARS tun 2006, ga ta yara zalla tun 2007, ga ta Turkanci da ta hau tauraron Türksat a 2015. Mai shugabantar su tun 2019 mace ce 'yar Lebanon, Rita El-Mounayer, kuma ita da gabatar da shiri ta fara a wurin tun farkon tashar.

Maganar kuɗi da kuka yi, ai kuna da gaskiya da kuka tambaya, don mun ga abubuwa iri-iri. Su dai da baiko da gudummawa suke tafiya, ikilisiyoyi da ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun masu bi a Amurka, Ingila, Kanada da ƙasashen Turai, har da na yankin kansa. Kuma ba sa sayar da fili, wato ba za ka zo da kuɗinka ka sayi awa ɗaya ka faɗi abin da ka ga dama ba. Ni wannan ya kwantar min da hankali sosai, don duk tashar da mai kuɗi ke sayen lokaci, a ƙarshe shi ke riƙe da bakinta. Ba kuma ta ɗarika ɗaya ba ce, Otodoks da Katolika da Furotesta duk suna cikin masu lura da ita, kuma suna da ƙa'ida cewa ba a zagin addinin kowa a shirinsu, ka faɗi bangaskiyarka ka bar mutum da tasa. Wasu na ganin wannan sanyi ne ya yi yawa, ni ban yarda ba, wanda ke zaune gida kusa da gida da maƙwabcin da ba Kirista ba shi ya san abin da kalma ɗaya a talabijin za ta iya jawo masa da safe.

Wani zai ce me ya sa har yanzu satalayit, ba ga intanet ba. Ku duba hoton rufin gidajen Alƙahira, dish ne birjik kamar an shanya faifai. Shirin kyauta yake saukowa, ba kati ba biyan wata, ba ruwanka da data, wanda bai iya karatu ba ma yana ji da kunnensa, kuma ba wanda ya san abin da ka kunna a ɗakinka. Intanet kuwa gwamnati na iya toshe shafi ko ta bi sawun wanda ya shiga. A Iran an haramta dish tun tsakiyar shekarun 1990 amma mutane na da shi a ɓoye, to ku yi tunanin mai bi da ba shi da cocin da zai je, ba fasto, ya rage murya yana bin addu'a daga akwati. Duk da haka ba su bar intanet ba, suna YouTube da Facebook, suna da manhaja mai suna SAT-7 PLUS.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na yara. Bayan ɓarkewar yaƙin Siriya yara da yawa sun rasa makaranta, sai suka fara koyar da karatu da lissafi ta talabijin, a 2017 suka ba shi suna ACADEMY. Na kalli wani ɗan guntu, malama tsaye gaban allo tana jan harafi a hankali daga dama zuwa hagu, ta juyo ta dubi kyamara ta dakata kamar yaron na gabanta zai maimaita, ba wa'azi a ciki sam, karatu ne kawai, amma hawaye sai da suka zo min.

Mama in kuna so ku gani da idonku ku ba ɗaya daga cikin yara wayar ya rubuta SAT-7 a YouTube, ko ba ku jin Larabcin za ku tsinci Yasu'u da Haleluya da Amin a cikin waƙar. Zan nemo wadda na fi so in turo anjima da yardar Allah. A gaida Baba da kyau.